Yadda Za Ka Haɗa Tayoyin Gaba da na Baya a Tsohuwar Motar Gudu

Marsandin kawuna ta shekara shida a cikin rumfa a unguwar Mabera ta Sakkwato kafin ta zo hannuna. 450SL ce mai ƙofa biyu, irin wadda ake cire wa rufi. Da muka turo ta waje muka wanke ta, sai na ga ta yi wata irin tsayuwa kamar raƙumin da ya fara gurfana: kai ƙasa, baya sama. Na ɗauka sifirin ne suka mutu. Wani dattijon bakanike da na ɗauko daga Buzaye ya zagaya ta sau ɗaya, ya duƙa ya goge gefen tayar baya da babban yatsa, ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa yas sa ma wagga mota takalmin bas?"

Ashe 195 R14C aka sa mata a baya, tayar bas, a gaba kuma 185/70 R14 ta ƙaramar mota. Duka huɗun sun hau rim 14, kuma wannan ya ishi wanda ya sayar. Ina iya kintatar abin da ya faɗa wa kawu, domin da na fita neman wasu, wani mai taya ya ce mini, "Alhaji, rim 14 na, taya 14 ta, mi yar rage?"

Abin da ya rage shi ne tsayi. Yawancin masu irin waɗannan motoci faɗi suke kallo, musamman a baya, don mota ta yi kwarjini. Amma tsayin taya daga ƙasa zuwa sama shi ake fara daidaitawa, sannan faɗi ya biyo baya gwargwadon abin da rim da jikin mota suka yarda. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: nemo abin da kamfani ya sa mata

Kada ka dogara da tayar da ka tarar a jikinta. Motar da ta shekara 40 ta bi hannu da yawa, kowa kuma ya sa abin da ya samu a ranar da taya ta fashe masa. Duba littafinta idan yana nan. A Marsandi, buɗe murfin tankin mai, akwai takarda a manne a ciki. A wasu motocin a jikin ƙofar direba take. Safayar da ke cikin but ma takan tona asiri, domin sau da yawa ita kaɗai ce ba a taɓa canjawa ba. In duk babu, nemi samfurin motar da shekararta a intanet, ka gwada wuri biyu ko uku har su yi daidai da juna.

Abu biyu kake nema: lambar tayar asali, da kuma ko kamfani ya bambanta gaba da baya. Mutane da yawa suna ɗauka duk motar gudu tayar bayanta ta fi faɗi. Ba haka ba ne. Mercedes-Benz SL da aka yi daga 1971 zuwa 1989 ƙafa huɗu iri ɗaya take da su: 450SL ta zo da 205/70 R14, samfurin ƙarshe daga 1986 kuma 205/65 R15. Datsun 240Z ta zo da 175 R14 gaba da baya, 280ZX da 195/70 R14. Waɗannan injinsu a gaba yake, nauyi ya rabu kusan daidai, don haka babu ƙafar da ke neman fiye da 'yar'uwarta.

Porsche 911 kuwa injinta yana rataye ne a bayan ƙafafun baya, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta a can yake. Shi ya sa 911 SC da ta fito a 1978 take da 185/70 R15 a gaba, 215/60 R15 a baya, mai son rim 16 kuma a sa masa 205/55 R16 a gaba da 225/50 R16 a baya. Bambancin nan nauyi ne ya kawo shi. Kamar yadda dattijon nan ya ce mini, "Wanda yaƙ ƙera ta ba mahaukaci ba na."

Mataki na biyu: karanta lambar

Ɗauki 205/55 R16 91V. Lambar farko, 205, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 55, a nan ake tuntuɓe: ba milimita ba ce, kaso ne. Tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 55 ne cikin ɗari na faɗinta. Saboda haka 55 a tayar 205 da 55 a tayar 225 ba tsayi ɗaya ba ne. R na nufin radiyal ce, wato irin saƙar cikin tayoyin zamani, 16 kuma girman rim ne da inci. 91 da V za mu zo kansu.

Tsofaffin lambobi irin 175 R14 ko 165 R15 ba su da lambar tsakiya. Ka ɗauke ta a matsayin 80, lissafinka zai zo kusa sosai. In kuma ka ga C a ƙarshe, kamar 195 R14C, tayar bas ce ko a-kori-kura. Gefenta kauri ne da tauri don ɗaukar kaya, gudun da aka yarje mata bai kai na motarka ba, a kwana kuma ba ta kama kwalta yadda ya kamata. Masu taya kan yabe ta da cewa ba ta mutuwa. Gaskiya ne tana daɗewa, amma a bas.

Mataki na uku: lissafin tsayi

Ka buɗe na'urar lissafi ta wayarka tun kana gida, kada ka bari sai kana tsaye a rana mai taya yana jiranka. Lissafin guda ne. Ninka faɗi da lambar tsakiya, ka raba da 100, ka samu tsayin gefe ɗaya. Ninka shi da biyu, don akwai gefe a sama akwai a ƙasa. Sai ka ninka girman rim da 25.4 ya koma milimita, ka haɗa su.

Mu gwada da tayar asali ta 450SL, 205/70 R14. 205 sau 70 raba 100 ya ba da 143.5. Sau biyu, 287. Rim 14 sau 25.4 ya ba da 355.6. Jimla milimita 642.6. Wannan ita ce lambar da aka gina motar a kanta: giyarta, malejinta, faɗin madigadinta da yadda birki ke rabuwa tsakanin gaba da baya.

Yanzu dubi abin da na tarar. Ta gaba, 185/70 R14, ta ba da 614.6. Ta baya, 195 R14C, kusan 668. Tsakaninsu milimita 53 ne, fiye da kashi 8 cikin ɗari. Gaba ya yi ƙasa da asali da fiye da kashi 4, baya ya haura da kusan kashi 4. Ga gurfanar raƙumin nan. Ga kuma dalilin da ya sa fitila take haska ƙasa kusa da hanci da dare.

Ƙa'idar da masu harkar suka saba bi ita ce kada sabuwar taya ta bambanta da ta asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. Tsakanin gaba da baya kuma ni ban yarda a wuce kashi 1 ba, sai in kamfani da kansa ya yi hakan. Dubi yadda Porsche ta yi nata. 185/70 R15 tsayinta 640, 215/60 R15 kuma 639. Ta baya ta fi faɗi da milimita 30, amma tsayi milimita ɗaya ne kacal tsakaninsu. Haka na rim 16: 205/55 ta ba da 631.9, 225/50 ta ba da 631.4. Ka lura da dabarar: duk lokacin da faɗi ya ƙaru, lambar tsakiya ta sauka.

Tarkon da aka fi faɗawa shi ne a riƙe lambar tsakiya ɗaya don a ga kamar sun dace. Mutum ya sa 205/55 R16 a gaba, 225/55 R16 a baya, yana cewa ai duka 55 ne. Ta bayan tsayinta 653.9, wato ta fi ta gaba da milimita 22, kashi 3 da rabi.

Me zai faru in tsayi ya kauce? Maleji a irin waɗannan motoci daga giya ko ƙafar baya yake ɗaukar lissafi. In tayar baya ta fi asali da kashi 3, yana nuna 100 kana kan 103, motar kuma ta yi nauyin tashi. In ta gaza asali, injin zai riƙa kuka fiye da kima a doguwar hanya, cikin mota kuma ya matso ƙasa da rabin bambancin. Motar da dama can a ƙasa take, kowane tudun rage gudu a cikin gari sai ya gaisa da salansa. In tana da birkin ABS mai hana ƙafa cijewa, wanda Mercedes-Benz ta fara sawa a 1978, na'urar gwada juyawar ƙafafun take yi, babban bambanci yakan ruɗa ta. Mai jan ƙafa huɗu kuwa, irin Audi Quattro ta 1980, bambancin tsayi kai tsaye giya yake ci, kuma gyaran ba na nan kusa ba ne.

Abu ɗaya babu sassauci a kansa: hagu da dama a layi ɗaya su zama lamba ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya tsayi a baya, haƙoran cikin aksul za su yi ta aiki ko kana tafiya a miƙe, a gaba kuma mota ta riƙa ja gefe in ka taka birki.

Mataki na huɗu: rim ne ke yanke hukunci

Cire ƙafa ɗaya ka wanke bayan rim, za ka ga rubutu kamar 6½J x 14 ET30. Lambar farko faɗin rim ne da inci, kuma kowace taya tana da iyakar rim ɗin da za ta zauna a kai. 205/55 R16 tana zama a kan inci 5.5 zuwa 7.5. 225/50 R16 tana son 6 zuwa 8. 245/45 R16 ba ta zama daidai sai a 7.5 zuwa 9. In ka cusa taya mai faɗi a siririn rim, za ta yi tumbi, tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, mota ta riƙa lilo a kwana. In ka ja siririya a kan rim mai faɗi, irin yadda wasu samari ke yi don ado, bakin rim ya fito fili, rami ɗaya a hanyar Illela ya ishe shi. Shi ya sa wanda ke son ƙara faɗi a baya sosai, rim biyu masu faɗi zai fara nema. 911 SC inci 6 take da shi a gaba, 7 a baya.

ET kuma shi ne nisan da fuskar da ake ɗaurewa ta yi daga tsakiyar rim, da milimita. In lambar ta ƙaru, ƙafa ta shige ciki. In ta ragu, ƙafa ta fito waje. Nan ne masu Marsandi ke shan wahala. Ramukan SL guda biyar ne a kan da'irar milimita 112, kuma rim ɗin V-boot ma haka yake, ga shi ko'ina ana samu. Zai hau, kusoshi su shiga, kowa ya ce an dace. Amma ET ɗinsa ya haura 40, na SL kuwa 30 ne ko 25, don haka ƙafar za ta shige ciki ta nemi gugar ƙarafan birki da na sitiyari. Akwai faranti da ake sawa a tsakani don a turo ta waje. In dole ce, a samo wanda aka yi don motar tare da kusoshi masu tsayi. Wanda mai walda ya yanka daga ƙarfe kuwa, a'a. Kusoshin Marsandi ma tsayinsu ya bambanta tsakanin rim na ƙarfe da na alminiyam, ka tabbata naka sun kama sosai kuma ba su zarce ciki ba.

Ramuka ma kowane gida da nasa. Porsche biyar a kan 130, Datsun Z huɗu a kan 114.3, Peugeot 504 huɗu a kan 140. Kada ka yarda a faɗaɗa rami da fayil don kusa ta shiga.

Akwai wani rim da ya kamata ka sani ko da ba za ka taɓa haɗuwa da shi ba. A 1975 Michelin ta fito da tayar TRX, wadda rim ɗinta da milimita ake auna shi. Wasu BMW 635CSi sun zo da 220/55 VR390. Wannan 390 ɗin ya fi inci 15, wanda yake 381, bai kuma kai 16 ba, wanda yake 406.4. Babu tayar kasuwa da za ta hau shi lafiya. In mai faci ya ce zai matsa ta shiga da guduma da sabulu, ɗauke rim ɗinka ka tafi. Ko ka yi odar TRX daga waje, ko ka canja rim ɗin gaba ɗaya.

Wasu tsofaffin rim kuma don tib aka yi su, ba su da ɗan tudun nan na ciki da ke riƙe bakin taya. Irin wannan sai da tib, tib kuma ba ya jituwa da taya mai gajeren gefe.

Mataki na biyar: wa za a ƙara wa faɗi?

In kamfani ya bambanta, bi yadda ya yi, ka riƙe tazarar. Wanda ya sa wa 911 ƙafa huɗu iri ɗaya don sauƙin saye ya rage wa bayanta kamun da aka ba shi don ya riƙe injin. Ranar da ya shiga kwana da gudu ya ɗaga ƙafa daga totur, bayan zai zame ya nemi wuce gaba.

In kamfani bai bambanta ba, shawarata ka bar su iri ɗaya. Ƙarin faɗi a baya kaɗai yana ƙara wa baya kamu ba tare da gaba ya samu ba. Sai ka karya sitiyari mota ta ƙi bi, kanta ya miƙe ya nufi gefen titi. A busasshiyar kwalta ba lallai ka ji ba. Za ka ji ne a shataletalen Dandima bayan iskar hunturu ta shimfiɗa yashi, ko a ruwan farko na damina. Taya mai faɗi ma ta fi saurin tashi a kan ruwan da ya kwanta. Duk da haka, in an ƙara wa injin ƙarfi, ko kuma ranka kawai ya biya, ƙarin milimita 20 a baya ba zai ɓata motar ba muddin tsayi ya yi daidai. Akasin haka kuwa, wato gaba ya fi baya faɗi a motar da ke ja da baya, kada ma a fara.

Mai Datsun 240Z ya yi sa'a. Tayarsa ta asali tsayinta kusan 636. Da rim 15, 195/65 R15 tana ba da 634.5, kuma tana cikin tayoyin da suka fi yawa a kasuwa. In yana son baya ya ɗan cika, 215/60 R15 tana ba da 639, bambancin bai kai kashi 1 ba. Da rim 16 kuma, 205/55 a gaba da 225/50 a baya sun zauna.

Ka yi hattara da faɗaɗa gaba. 240Z da 911 ta wancan zamani ba su da abin da ke sauƙaƙa sitiyari, ƙarfin hannunka ne kawai. Ƙara milimita 30 a gaba, ka je ka gwada fakin a bakin Babbar Kasuwa da azahar. Ban da gumi, taya mai faɗi tana bin duk wani kwari da manyan motocin siminti suka yi a kwalta, tana kuma gajiyar da boris da robobin ƙafa. Lambar tsakiya ma kada ka sauka ƙasa da 50. Gefen taya shi ne matashin farko tsakanin rami da rim, kuma motocin nan an ƙera ƙafafunsu ne da tunanin taya mai tsayin gefe da zagayayyiyar kafaɗa.

Radiyal da tsohuwar taya mai saƙar gicciye, irin mai lamba 6.40-13, ba a haɗa su a mota ɗaya.

Mataki na shida: nauyi, gudu da zafin Sakkwato

Mu koma kan 91V. Lambar nauyi ce da taya ɗaya ke ɗauka: 88 kilo 560, 91 kilo 615, 94 kilo 670. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, musamman a ƙafar da injin ke kai. Harafin kuma gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240, W 270.

Za ka ce wa zai yi 240 a hanyar Gusau? Babu. Amma harafin yana faɗa maka yadda tayar ke jure zafi, mu kuwa zafi shi ne abokin zamanmu. A watan Afrilu da Mayu ma'auni yana haura 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa. Nemi harafin da motar ta zo da shi. In ya gagara, ni H ce iyakar saukata, gaba da baya kuma harafi ɗaya. A gefen tayoyi da yawa akwai wani ƙaramin rubutu na jure zafi mai A, B ko C. Ɗauki A. Tayar da ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefe, ta hunturun Turai ce, robarta taushi ne da ita, a nan gugewa take kamar sabulu. Irinta ta cika a cikin 'yan Beljiyam.

Sai shekaru. Nemi rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. In lambobi uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta, ko zanenta bai taɓa ƙasa ba ta gama aiki. Wannan ya fi shafar masu neman lambar da ta yi wuya irin 205/70 R14, domin wadda za a zaƙulo maka daga ƙuryar shago ta iya shekara goma tana jiran mai saye. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yi a Ikeja a 2008, kusan duk tayar mota daga waje take zuwa, kuma 'yan kasuwa abin da Camry da Corolla ke ci suke kawowa. Michelin da Pirelli har yanzu suna yin wasu tsofaffin lambobi don irin waɗannan motoci, amma sai an yi oda, kuɗin kuma ba wasa ba.

Ni ga yadda na fita. Na nemi rim 15 mai faɗin inci 7 da ET25, irin na SL ta ƙarshe, wanda babbar Marsandi ta ƙarshen shekarun 1980 ma take da shi. Sai da aka yi wata biyu ana cigiya kafin a samo guda biyar daga Kano. Na sa 205/65 R15 duka. Tsayinta 647.5, bai kai kashi 1 sama da asali ba, kuma lamba ce da Camry ta sa ta zama ruwan dare.

Mataki na bakwai: gwada kafin ka biya

Lissafi na iya yin daidai, mota ta ƙi. Sifirin da ya shekara 40 ya zauna, wata motar kuma an taɓa buga ta an gyara, gefe ɗaya ya fi ɗaya matsewa. Ka yi sharaɗi da mai taya tun farko cewa guda ɗaya za a fara haɗawa. In ya ƙi, akwai wani shagon.

A ɗaura ta gaba, a sauke jak, a tura motar gaba da baya kaɗan don ta zauna. Karya sitiyari har ƙarshe hagu, sa hannu ka zagaya bayan taya. Yatsa ya wuce a sake tsakaninta da sifirin, da tiyon birki, da bakin madigadi, wato kamar milimita 10 zuwa 15. Maimaita a dama. A baya, sa mutum biyu su zauna a bakin but ka duba ko bakin madigadi zai sauko kan kafaɗar taya. Sai ka shafa alli a kafaɗun, ka fita ka hau tudun rage gudu a karkace, ka yi kwana sosai hagu da dama, ka dawo. Inda alli ya goge, nan take taɓawa.

In ta taɓa, za a ce maka, "Yallaɓai, sai mu ɗan buga madigadin ciki." Kada ka yarda. Taya ana canja ta gobe, jikin tsohuwar mota kuwa in aka lanƙwasa shi fenti ya tsage, tsatsa ta samu ƙofa. Koma lamba ɗaya ƙasa.

Mataki na takwas: bayan an ɗaura

A yi balansin na kowace ƙafa, a yi alaimen. Iska kuma da gejinka za ka auna, da safe kafin mota ta motsa. Masu faci da yawa 40 ko 45 suke bugawa kowace mota, gaba da baya. Motar da tayoyinta suka bambanta, iskarsu ma takan bambanta: 911 Carrera 3.2 tana son 29 a gaba, 36 a baya. In ka auna da rana bayan tafiya ka ga ta haura, kada ka rage, zafi ne, za ta sauka da kanta.

Wanda ya bambanta gaba da baya ya sani ba zai iya musanya su don su suɗe tare ba, kuma na baya za su riga ƙarewa. Safayarsa ta zama lambar gaba, domin ita ce za ta shiga kowace ƙafa, tunda tsayi ɗaya ne za ta kai shi gida a hankali. Mai ƙafa huɗu iri ɗaya da kuɗinsa bai kai na huɗu ba, ya sayi biyu ya sa su a baya, ko da mai taya ya ce gaba ake sa sababbi.

Kusoshi a ɗaure su a gicciye, ɗaya nan ɗaya can, da ƙarfin hannu, ba yaro ya hau sifana yana tsalle ba. Fitar farko ka yi ta da sassafe a hanyar da ka sani. Ni Bodinga na nufa, na fara da 60, na hau 80, na saki sitiyari kaɗan na ga ko za ta ja gefe, na taka birki da ƙarfi inda babu kowa. Na buɗe taswirar waya na gwada gudun da take nunawa da na maleji. Da na dawo, tafiyar ta kai kilomita 50, sai na sake bin kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Biyu a ƙafar baya ta hagu sun ƙara ɗauruwa kusan kwatan zagaye.